Tsakanin Dutsen Allah Da Dutsen Kamfani

Mai yiwuwa wani ya ga kan wannan maƙala ya ce ina ruwan mujallar adabi da zancen dutsen kicin. To, a yi mana haƙuri a biyo mu sannu, domin kuwa mu ma da farko mun ɗauka magana ce ta kwalliyar ɗaki kawai, sai da tafiya ta miƙa muka tarar ashe akwai ran mutum a cikinta.

Shekara tara muka yi muna gina ɗan gidanmu a bayan garin Zariya. Duk wanda ya san albashin malamin sakandare ya san irin wannan gini: yau a buga bulo ɗari biyu, a dakata sai an kwashi adashi, gobe a sayi kwano bandir ɗaya, a sake dakatawa. Da aka zo kan kicin, mu a namu lissafin dakalin siminti za a yi a shafe shi da tayil, shi ke nan. Sai uwargida ta ce ba ta yarda ba. Ta ce, "Malam, shekara goma sha takwas ina yi maka girki a tsugune, bayana ya gaji. Kanta nake so ta dutse, wadda zan tsaya in yanka albasa in goge da tsumma ta koma fes." Ta je biki Kaduna ta ga wata fara sol kamar madara, aka ce mata sunan dutsen kwaz, tun daga ranar kuwa ba ta da zance sai shi. Muka duba muka ga gaskiyarta, domin ɗakin nan nata ne, ita za ta wuni a ciki.

A gidan da muka tashi, madafa ba ta wuce duwatsun murhu uku da turmi da dutsen niƙa ba. Dutsen niƙan kakarmu har ya yi kwarmi a tsakiya saboda daɗewa, in ya yi sulɓi a kira mai koɗa ya koɗa shi, a ci gaba da aiki. Ba a taɓa tambayar wane kamfani ya yi shi ba. Saboda haka da muka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano muka ga faifan duwatsu jingine jere, kowanne da sunansa da farashinsa, sai muka zama baƙi a kan abin da muke zaton mun sani, alhali kuwa labarin ƙasa muke koyarwa.

Iri uku aka nuna mana. Na farko mabul, mai laushin gani da jijiyoyi a jikinsa, irin wanda ake haƙa a Jakura ta Jihar Kogi. Na biyu giranit, mai ɗigo-ɗigo baƙi da toka da ja, ɗan'uwan dutsen Kufena da muke hange kullum a hanyarmu ta zuwa makaranta, wanda masana suka ce irinsa ya haura shekara miliyan 500 a duniya. Waɗannan biyun yanko su ake yi daga jikin dutse, a goge su, ba a haɗa su da komai. Na uku shi ne kwaz ɗin uwargida, shi kuwa aikin masana'anta ne. Ana niƙe ma'adinin kwaz ya zama tsakuwa da gari, a cakuɗa kimanin kashi 90 cikin 100 nasa da wani ƙaron roba da launi, a matse a injin, a gasa, ya fito faifai. Kamfanin Breton na ƙasar Italiya, wanda Marcello Toncelli ya kafa a 1963, shi ya fito da wannan dabara, daga baya ta bazu duniya.

Mai shagon, kamar kowane ɗan kasuwa, wanda ya fi tsada ya fi yabo. Mu kuwa da yake an ce gani ya kori ji, sai muka roƙe shi ɓaraguzan kowane iri muka taho da su gida. Ranar Asabar muka shimfiɗa su a tsakar gida, yara suka kewaye mu kamar ana darasi. Muka ɗiga wa kowanne manja da ruwan lemon tsami da kwaɓin kurkum, muka bar su suka kwana.

Da safe mabul ya sha kashi tun ba a je ko'ina ba. Inda lemon ya taɓa ya dushe, ƙyallin ya tafi, domin asalinsa dangin farar ƙasa ne, tsami yana cin sa. Gidan da ake dama kunun tsamiya ana jiƙa zoɓo ba wurin zamansa ba ne. Ga shi kuma da taushi: a ma'aunin taurin duwatsu da Bajamushen nan Friedrich Mohs ya tsara a 1812, ma'adinin da ke cikin mabul yana mataki na 3, kwaz kuwa na 7, shi ya sa bakin wuƙa ke yi wa mabul zane. Giranit mai haske ya ɗan sha manja ya bar tabo, domin yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, dole a riƙa shafa masa maganin toshe su lokaci-lokaci. Baƙin giranit bai nuna komai ba. Kwaz kuwa aka sa tsumma aka goge, ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Uwargida ta dube mu ta yi murmushi, ba ta ce uffan ba.

To amma fa gwaji bai ƙare ba. Muka sauke tukunyar ƙarfe daga kan garwashi muka ɗora a kan kowanne. Giranit ko gezau. Kwaz kuwa sai ga da'ira ruwan ƙasa a jikinsa wadda sabulu bai fitar ba, domin ƙaron da ya riƙe shi roba ce, ba ta jure wuta. Haka kuma in rana ta daɗe tana dukansa launinsa yakan juya, abin lura ga masu madafa a buɗe. Nan aka yi canjaras, kowa ya riƙe hujjarsa. Uwargida ta ce ai sai ta riƙa sa faifai kafin ta sauke tukunya. Muka ga alama dai kwaz za a saya, ko da kuwa za a jinkirta fentin falo.

Abin da ya sauya mana tunani bai zo daga wannan gwaji ba. Mun tafi neman wanda zai yanka dutsen ya kafa shi, sai aka kai mu wata rumfa a bakin titi. Tun daga nesa muka hango farin hayaƙi na tashi, da muka matso muka ga ashe ƙura ce. Wani saurayi ne durƙushe da giranda a hannu yana yankan faifan kwaz a bushe, ya ɗaure hancinsa da tsohon hankici, gashin kansa da girarsa sun yi fari fat kamar tsoho. Da ya kashe injin ya ɗago, sai ya zube ya ce, "Malam, ina wuni? Ba ka gane ni ba?" Ashe ɗalibinmu ne da ya gama shekara bakwai da suka wuce, yaro mai zanen taswira da kyau, wanda rashin hali ya hana shi wucewa gaba. Ya yi aure har da 'ya ɗaya. Cikin gaisuwar nan da ba ta fi minti biyar ba, sau uku yana juya baya ya yi tari. Muka tambaye shi, ya ce, "Ba komai Malam, ƙura ce kawai. In na tashi aiki nakan sha madara ta wanke."

Wannan tari ya hana mu barci, ya sa muka koma bincike. Abin da muka samu ya tayar mana da hankali. Ƙurar silika da ke tashi in ana yankan dutse tana da ƙanƙanta har ta wuce hankici ta wuce hanci ta zauna can cikin huhu, jiki ba ya iya fitar da ita. Huhu ya yi ta yin tabo yana ƙanƙancewa har numfashi ya gagara. Sunan cutar silikosis, ba ta da magani, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Madara ciki take zuwa, babu abin da ya haɗa ta da huhu. Cutar tsohuwa ce, tun a 1700 likitan Italiya Bernardino Ramazzini ya yi bayanin ciwon ƙirjin masu sassaƙar dutse. Sai dai a da takan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta kayar da mutum. Kwaz na kamfani kuwa, da yake silikar da ke cikinsa takan kai kashi 90 ko fiye, ninkin ta giranit nesa ba kusa ba, sai aka fara ganin samari 'yan shekara talatin da wani abu suna kwanciya bayan 'yan shekaru kaɗan a kan aikin. An gani a Sifen da Isra'ila da Amurka. Ƙasar Ostareliya kuwa, bayan ta ga abin ya yi yawa, ta haramta ƙerawa da sayarwa da aiki da wannan dutse daga ranar 1 ga Yulin 2024, ita ce ta farko a duniya da ta yi haka.

A nan ya kamata mu yi adalci. Kantar da aka riga aka kafa a kicin ba ta cutar da mai girki, haɗarin yana wurin yanka da goga. Giranit ma ba wankakke ba ne, yana da tasa silikar, in aka yanka shi a bushe shekara da shekaru zai yi ɓarna. Bambancin na yawa ne da sauri.

Muka zauna muka karanta wa uwargida duk abin da muka gano. Ta yi shiru can, sannan ta ce, "Yaron nan da ya kawo mana rake ranar sunan auta?" Muka ce shi. Ta ce, "To Malam, a sayi baƙin. Ba zan iya tsayawa kullum ina yanka albasa a kan abin da na san ya shiga ƙirjin ɗan wani ba." Mun san abin da ta bari, domin wata shida tana mafarkin farar kantar nan.

Baƙin giranit muka saya, muka kuma ba shi aikin bisa sharaɗi uku: a yanka da ruwa yana zuba a kan bakin injin don ƙura ta kwanta, ya sa takunkumi na ainihi mai tace ƙura wanda muka saya masa, in an gama kuma a wanke wurin da ruwa, kada a share da tsintsiya. Ya yi ƙorafi cewa aikin zai ɗauki lokaci, laka kuma za ta ɓata wuri. Muka ce mun ji, za mu ƙara masa kuɗin wuni ɗaya. Muka kuma matsa masa sai da ya je asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Abin da likita ya gaya masa sirrinsa ne, amma dai yanzu akwai jarkar ruwa da tiyo a rumfarsa, yaransa biyu ma da takunkumi suke aiki. Ko zai ɗore a haka in masu ba da aiki suka riƙa gaggauta shi, wannan ya rage ga irinmu masu saye.

Yau wata huɗu ke nan uwargida tana girki a tsaye. Wani lokaci in ta goge kantar takan ce da fara ce da ta fi haska ɗakin, mu kuwa mu yi shiru, don mun san gaskiya ta faɗa.

Roƙonmu ga mai karatu ɗaya ne. In Allah ya hore maka za ka sa dutse a gidanka, kowane iri ka zaɓa, bayan ka tambayi farashi da launi, ka taka ka je inda za a yanka shi ka ga yadda ake yi. In ka tarar da farar ƙura tana tashi, ka ce a kawo ruwa. Allah ya ba mu lafiya, ya kare masu neman halal da ƙarfinsu, amin.