Ranar da Baba Ya Kasa Karanta Rubutunsa

Babana ya yi shekara 30 yana koyarwa a makarantar mishan ta ƙauyenmu. Shi ya koya mini a, b, c, yana riƙe da yatsana muna zanawa a ƙasa.

Ina gida a hutun damina, wata safiya ya farka da ciwon kai. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki kamar kullum, sai ya ce wa Mama, "Wa ya musanya mini littafi?" Haruffa suna nan, yana ganinsu sarai, amma bai shaida ko ɗaya ba. Muka zaci laifin tabarau ne. Da muka je asibiti, likita ya ce hawan jini ya jawo toshewar wata jijiya a bayan ƙwaƙwalwa, wajen hagu. Ciwon nan ne da kan shanye ɓarin jiki, sai dai nasa bai taɓa hannu ko harshe ba.

Ga abin mamaki. Ya zauna ya rubuta wa ƙanensa wasiƙa, ba kuskure ko ɗaya. Da ya gama ya duba, ya yi shiru, sa'an nan ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, me na ce?" Na karanta masa muryata tana rawa.

Ashe wani likitan Faransa, Dejerine, ya bayyana irin wannan tun 1892. Hanyar da ke kai abin da ido ya gani zuwa inda ƙwaƙwalwa ke sarrafa magana ita ce ta yanke, ta rubutu kuwa tana nan. Majinyacinsa ya kan gane harafi in ya bi shi da yatsa.

Sai muka gwada. Na zuba yashi a faranti, na riƙe yatsan Baba kamar yadda ya riƙe nawa dā. Yanzu yana haɗa kalma harafi harafi, kuma doguwar kalma ta fi ba shi wuya. Layi ɗaya kan gajiyar da shi, amma bai daina ba.

To, 'yan'uwana malaman gobe, a koyarwar gwaji na taɓa daka wa wani yaro tsawa na ce, "Ba ka da ido ne?" Yau ina jin kunyar maganar nan. Ido yana gani, amma ƙwaƙwalwa ke karatu. In yaro ya tsaya a kan harafi, mu ajiye bulala mu kama yatsansa.