Ni Da Butar Gahawa A Birnin Rum

Jama'a, in an ce Italiya ku takalmi da ƙwallo kuke tunawa, ni kuwa wata 'yar buta ce take faɗo mini a rai. A ɗakin da na kama haya na kwana biyar a birnin Rum na fara ganin ta, ta alminiyum mai kusurwa takwas. Sunanta moka, kuma tun 1933 ake danganta ƙirarta da wani Alfonso Bialetti. Da wuya ka shiga kicin a ƙasar ka rasa ta.

Da asuba na ɗauke ta da ƙarfin hali, na zuba ruwa da gari a sama kamar mai dafa shayi, na ƙure wuta. Kafin minti biyar ƙaurin roba ya cika gidan! Sai ga tsohuwa mai gidan da gudu, tana ta zuba Italiyanci, ni ko uffan. Wallahi na ji kunya, ga kuɗin ajiyata a hannunta.

Allah ya sa mai haƙuri ce. Ta warware butar gida uku ta nuna mini. Ruwa a ƙasa yake zama, kada ya wuce ɗan notin da ke gefe. Gari a mazurarin tsakiya, ba a danna shi. A ɗaure tam, a sa wuta kaɗan. Tururi ne zai turo ruwan ya ratsa garin ya hau sama. Da ka ji tana gurgur, sauke.

To ga kalmomin da suka fishe ni, ku adana:

"Dov'è la moka?" Ina butar take?
"Come si accende il fornello?" Yaya ake kunna murhun?
"Quanta acqua ci metto?" Ruwa nawa zan zuba?
"C'è lo zucchero?" Akwai suga?
"Il caffè è pronto." Gahawa ta yi.
"Mi scusi, signora." Ki gafarce ni, uwar gida.

Wannan ta ƙarshen ita na fi amfani da ita. Furucin ma ba wuya: "ce" da "ci" tamkar namu na Hausa ne, "che" kuwa "ke" ake faɗi.

Amma hattara da kalmomi biyu. In ka ce "latte", madara zalla za a miƙo maka. Ta biyun ta fi haɗari. A daren ƙarshe mijin tsohuwar ya ɗaga wata kwalba yana murmushi ya ce, "Corretto?" Ashe gahawa ce da ake ɗiga wa giya! Na yi wuf na rufe kofina da hannu na ce, "No, grazie, senza alcol." Wato a'a, na gode, ban da giya.

Ya yi dariya ya mayar da kwalbarsa. Tsohuwa kuma ta ba ni kuɗina cif, bayan ta cire na robar da na ƙona.