Ɗan Sabon Badun Da Neman Ƙasar Karatun Injiniya

A Sabo, unguwar Hausawa da ke Mokola cikin birnin Badun, wadda aka kafa tun 1916, wani dattijo ɗan canji ya shafe wata uku suna ja-in-ja da ɗansa kan ƙasar da yaron zai tafi karatun injiniya. Yaron dai zuciyarsa na Ingila.

Uban bai yi boko ba, amma fa lissafin kuɗin ƙasashe shi ne sana'arsa. A gabansa Naira ta zube bayan da gwamnati ta sakar wa kasuwa farashinta a watan Yuni 2023. Ingila kuwa tun 1980 ta ɗora wa ɗaliban waje cikakken kuɗin makaranta. Ya ce shekarar fari ba ta dame shi ba, tsoronsa shekara ta uku, sa'ad da Fam zai hau ya bar yaro rataye, ba digiri ba kuɗin jirgi.

Sai yaron ya koma kan Jamus, inda galibin jami'o'in gwamnati ba su karɓar kuɗin karatu. Amma sai an ajiye fiye da Yuro 11,000 a asusu domin guzurin shekara guda, ga kuma koyon Jamusanci, wanda da shi ake yawancin digirin farko. Wani maƙwabci ya kawo zancen Rasha, yana tuna yadda Tarayyar Sobiyat ta horar da 'yan Nijeriya saboda kamfanin ƙarfe na Ajaokuta. Uwar yaron ta ce a bar wannan magana, don ba ta manta yadda ɗalibai suka tsere daga Yukren a 2022, da Sudan a 2023 ba.

To, a nan ne dattijon ya yi tambayar da ta fi ta kowa nauyi. Kakanninsa sun yi fataucin goro da shanu, kuma a Sabo ba a taɓa sakin dukiya zuwa garin da ba a da maigida ba, watau wanda zai sauki baƙo, ya tsaya masa in ciniki ya ɓaci. Ya ce, "Kai yaro, wane ne maigidanka a can? In ka komo kuma, wa zai karɓi takardarka?" Hakika tambaya ce ta mai hankali, gama ba a yin aikin injiniya a Nijeriya sai da rajistar hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, kuma sai ta amince da digirin da aka zo da shi.

Yaron ya ce, "Baba, ban sani ba." Ya kwana biyu yana fushi. Daga baya ya nemi gurbi a Tsangayar Fasaha ta Jami'ar Badun, wadda mota ɗaya ce daga Mokola, da sharaɗin uban zai riƙa ajiye masa Yuro kaɗan-kaɗan domin digiri na biyu. Jamusancin kuwa ya riga ya fara, da dare bayan sallar lisha.