Abin Da Na Gani A Kufan Hamitej

Ni dai tun ina yaro ba ni da tsoron fatalwa, amma ran da wani abokin aikina ya kai ni kufan Hamitej, a kudancin ƙasar Sikotilan kusa da iyakar Ingila, sai da na ji jikina ya yi sanyi. Wani tsohon gidan sarauta ne na dutse, an gina shi don yaƙi, yana tsaye shi kaɗai cikin wani kwari mai ciyawa, ba rufi, ba kowa sai tumaki. Mutanen dā na cewa wai har ya ɗan nutse cikin ƙasa saboda nauyin zunubin da aka aikata a cikinsa.

Labarin da ya fi shahara shi ne na wani basarake, Wiliyam Sulis. Wai matsafi ne, yana satar 'ya'yan talakawa, yana kuma da wani aljani mai jar hula wanda ya tsare shi, ƙarfe ba ya cinsa, igiya ba ta ɗaure shi. Da mutane suka dami Sarki Robat Burus da ƙara, sai ya ce cikin fushi su je su dafa shi in sun ga dama. Su kuwa suka ɗauki maganar da gaske, suka naɗe shi cikin dalma, suka dafa shi a tukunya bisa wani tudu. An ce har yanzu akan ji kukan yara a wurin da dare.

To, aikinmu na jarida ya saba mana da bin diddigi. Sulis na tarihi an kama shi ne a 1320 da laifin ƙulla wa sarki makirci, ya mutu a tsare a Dambatan. Ba wanda ya dafa shi. A ganina talakawan da ba su sami adalci a fada ba, su ne suka yanke masa hukunci a bakin murhu, suka yi ta maimaitawa har ya zauna.

Abin da ya dame ni kuwa ba almara ba ne. A 1342 Wiliyam Dagalas, mai gidan a lokacin, ya yi hassadar muƙamin da Sarki Dauda na Biyu ya ba Alekzanda Ramsi, jarumin da ya ƙwato garun Rokasbara daga hannun Ingilishi a wannan shekara. Ya sa aka kamo shi, aka jefa shi kurkukun gidan, aka hana shi abinci har ya mutu. An ce ya kai kwana 17 yana tsintar ƙwayar hatsin da ke zubowa daga rumbun da ke bisansa. Wai nishinsa ne ake ji a bango.

Akwai kuma Sarauniya Meri, wadda ta yi sukuwa zuwa nan a 1566 don duba Botuwel da aka yi wa rauni, ta koma ta kwanta ciwo kamar ba za ta tashi ba. Ita ma wai ana ganinta cikin fararen kaya, amma wannan bai ɗaɗa ni da ƙasa ba.

Na daɗe tsaye ina leƙa ramin kurkukun. Ban ji kuka ba, ban ji nishi ba, sai iska. Abokina ya miƙo mini burodi a mota da za mu koma, na riƙe shi a hannu har muka isa gari ban ci ba.