Hayaƙin Ƙonen Daji Tsakanin Tsafe da Bunguɗu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da na gani a hanyar Tsafe zuwa Bunguɗu cikin hunturu.

Tun daga bayan garin Tsafe wuta ke cin ciyawa dama da hagu. Wasu yara ne suka cinna don neman gafiya, wasu makiyaya ne masu son sabon tsiro. Dutsen Kwatarkwashi, da girmansa duka, sai da muka zo gindinsa sa'an nan na gan shi sosai. A Gusau da magariba hayaƙin ya kwanta bisa gulbi, ido na yaji, tsofaffi na tari. Ga Bunguɗu ma haka, har harawar wani manomi ta tafi.

Jama'a na cewa hazo ne kawai. Ba haka ba ne. Masana sun tabbatar ciyawa in ta ƙone tana sakin iskoki masu tsami, wato asid. Akwai irin tsamin ruwan khal, akwai irin na jikin tururuwa, rana kuma tana dafa sauran hayaƙin ya haifi wani mai ƙarfi da ake kira asid na naitirik. Wannan na ƙarshe daga abincin ƙasa yake fitowa, irin wanda manomi ke saye da tsada cikin buhun taki. Ashe mai cinna wuta takinsa yake aikawa sama.

Abin mamaki, ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga wajen Bodele a ƙasar Cadi tana ɗauke da wani abu mai kama da alli, shi ne ke kashe wani sashe na tsamin, kamar yadda uwargida ke kashe tsamin yakuwa da kanwa. A 2006 masana daga Ingila sun tashi da jirgin sama daga Yamai suka auna, suka tarar ƙura ta fi yawa kusa da ƙasa, hayaƙi kuwa ya hau bisanta. Amma mu da ke bakin wutar, ƙurar da hayaƙin duka muke shaƙa.

Ina roƙon sarakunanmu da hakimai su sa a yi shela tun kaka, a share gefen gonaki, a hana yara cinna wuta.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Gusau.