Ranar da Muka Je Kallon Afiniki

Mu malamai huɗu ne muka tafi ziyarar zumunta wurin wata ikilisiya a kudancin Wales cikin Fabrairu 2022, tsakiyar hunturunsu. Dukanmu ba wanda ya taɓa ganin ruwan da ya fi Kogin Binuwai faɗi.

Daren Alhamis mai masaukinmu ya ce gobe ba makaranta, ba jirgin ƙasa a duk Wales, gama babbar guguwa tana zuwa, an kuma yi jan gargaɗi. Sunanta Eunice, wato Afiniki, sunan mahaifiyar Timoti. Muka yi dariya, don muna da Afiniki uku a aji biyar, ba mai hayaniya a cikinsu.

Ran Jumma'a 18 ga wata muka matsa masa ya kai mu Porthcawl, wani gari a bakin teku inda masu ɗaukar hoto kan taru in teku ta yi fushi. Bai so ba. Ya yarda ne bisa sharaɗin za mu tsaya nesa, inda ya nuna mana.

Akwai doguwar katangar duwatsu da ta shiga cikin ruwa, a ƙarshenta kuma farar hasumiya mai fitila wadda aka gina a 1860. Raƙumin ruwa yakan taso daga can nesa, launin toka, kamar tudu yana tafiya. In ya bugi katangar sai ya tashi sama ya rufe hasumiyar ɗungum, mu ji ƙarar har cikin ƙirjinmu. Iska tana ture mu, gishiri a leɓe, tabarau ya yi dishi-dishi. Yatsu sun ƙage, ko danna kyamara ya zama aiki. Masu manyan kyamarori sun ja da baya sun natsu, suna jiran lokacinsu. Mu kuwa danne-danne kawai muke yi.

Sai ɗaya daga cikinmu, malamin lissafi (ya roƙa kada a faɗi sunansa), ya ga hotonsa bai fito ba, ya fara matsawa wajen katangar. Mun gan shi, ba mu hana shi ba, domin mu ma muna son hoton. Wani dattijo ne ya daka masa tsawa, ya ja shi da kwala. Ba a yi minti ɗaya ba ruwa ya share daidai wurin da ya tsaya. Wayarsa ta tafi. Dattijon ya ce masa, in ruwa ya ɗauke ka, waɗanda za su shiga nemanka 'yan sa kai ne, su ma suna da 'ya'ya. Kunya ta rufe mu duka huɗu.

Da yamma muka ji cewa a tsibirin Wight iskar ta kai mil 122 cikin awa, gidaje fiye da miliyan 1 kuma ba wuta.

A mota ba mai magana, sai malamar Littafi Mai Tsarki ta ce shekara goma sha biyu tana koyar da Markus sura 4, kullum tana ɗan yi wa almajirai ba'a don sun tsorata cikin jirgi. Tekun Galili ma tafki ne, amma su suna cikin ruwan, mu kuwa muna kan tudu da riguna uku-uku, gwiwoyinmu na rawa.

Hotuna fiye da ɗari biyu muka ɗauka, uku ne suka yi kyau. Suna manne a allon sanarwa kusa da ofishin shugaban makaranta. Ɗan baƙin ɗigon da ke gefen hagu a na tsakiya, malamin lissafi ne.