Masu Baƙaƙen Kaya a Bayan Labule

Da zan tafi Landan, saƙo ɗaya aminina ya ba ni: in je in gano masa abin da 'yarsa ke karantawa. Shekara biyu ke nan tana can, amma duk sanda dangi suka tambaye shi sai ya ce "harkar lantarki ce", domin bakinsa ya yi nauyin furta wasan kwaikwayo.

Yarinyar ta ce mu haɗu a Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa, a bakin Kogin Tems, dab da gadar Waterloo. Gini ne na kankare zalla, ruwan toka, hawa bisa hawa, wanda Denys Lasdun ya zana aka buɗe a 1976. Kafin mu shiga ta ce, "Kawu, shafa bangon nan." Na shafa. Sai na ji shatin katako a tafin hannuna, har da jijiyoyin icen da aka yi kwamin zuba kankaren da shi. Da gangan aka bar sawun kafinta a jikin ginin, kuma tun daga nan gidan ya shiga raina.

Ta hau da ni wani baranda mai suna Sherling, inda kowa ke iya tsayawa kyauta ya leƙa ma'aikatar da ke ƙasa. Ga kafintoci, ga masu walda, ga masu fenti. Na fi minti ashirin ina kallon wata mata tana tsufar da sabuwar ƙofa: ta shafa launi, ta goge da tsumma, ta kankare gefen da hannu ke yawan taɓawa, har ƙofar ta koma kamar ta zauren da aka gada tun kaka da kakanni. Ba ta ɗaga kai ta dube mu ba ko sau ɗaya. A wasu ɗakunan kuma akwai teloli, da masu rini, da masu saƙa gashin kai sili-sili.

Zauruka uku ne a gidan: Olivier, Lyttelton da Dorfman. Babbansu, Olivier, mai ɗaukar mutum sama da 1,100, an kwaikwayi tsarin tsohon dandalin Epidaurus na Girka wajen gina shi. Ƙarƙashin dandamalinsa akwai wata ƙatuwar ganga mai juyawa, wadda ke iya haɗiye ɗaki guda ta fito da wani a gaban idon 'yan kallo. A kan wannan dandamalin aka yi wasan Wole Soyinka na mutuwa da mahayin dokin sarki a 2009, kuma gidan ya nuna wasannin Inua Ellams, haifaffen Jos.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne wani kundi da ta ciro daga jakarta muna shan shayi. A shafin dama rubutun wasa ne. A na hagu layuka ne da fensir: fitila ta 47, sauti na 12, saukar labule na 3, kowanne an ja masa zare zuwa ga takamaimiyar kalmar da ɗan wasa zai furta. Na tambaye ta dalilin fensir. Ta ce har daren buɗewa ana canza abubuwa. Mai riƙe da wannan kundi tana zaune a lungu cikin duhu, da abin magana a kunne. Sai ta ce wa mai fitila ya shirya, ya amsa, sannan ta jira. Kalma ɗaya tak za ta faɗa, mai nufin "tafi", kuma kafin ta faɗe ta ba mai taɓa maɓalli, ba mai sakin igiya, ko da ya yi shekara talatin a aikin. A wasa guda ana iya samun irin wannan umarni ɗaruruwa. In ta yi gaggawa da daƙiƙa biyu, gari ya waye kafin zakara ya yi cara. In ta yi sakaci, bango mai nauyin buhuna ya sauko kan mutum. Ta ce, "Kawu, ranar da muka yi aiki da kyau, ba wanda zai san muna wurin." Na daɗe ban ga yarinya mai shekara ashirin da 'yan kai tana magana kan amana da irin wannan natsuwa ba.

Wannan sana'a karantar ta ake yi. Makarantu irin su RADA, wadda aka kafa a 1904, da Guildhall, da Central, duk suna da sashen masu bayan fage, inda ɗalibi ke zagaya fitila, sauti, kafinta da tufafi kafin ya zaɓi inda zai ƙware, kuma su ne ke gudanar da wasannin 'yan uwansu masu koyon fitowa. Shi kansa gidan na ƙasa yana ɗaukar almajiran sana'a yana biyan su. Wanda ya gama yana iya aiki a talabijin, ko manyan bukukuwan waƙa. Ba ta ɓoye mini wahalar ba: aikin dare ne, yawanci na kwantiragi, kuma da annoba ta rufe gidajen wasa a Maris 2020, da yawa sun zauna hannu rabbana.

Ina tsaye a barandan nan marinan Ƙofar Mata suka faɗo mini, da telolinmu masu aikin babbar riga. Hannu kam muna da shi. Abin da ya burge ni a nan shi ne yadda aka tara masu hannun a inuwa guda, aka ba su aji da malami da albashi, aka buga sunan kowa a takardar shirin wasa, har mai guga.

Ƙarfe biyar ta duba agogo ta miƙe, domin tana da wasa a makarantarsu da daddare. Baƙaƙen kaya ne a jikinta tun daga wuya har takalmi, don kada ido ya kama ta cikin duhu. A ɗamararta na ga sifana ɗaure da 'yar igiya. Ta ce doka ce ga duk mai hawa sama gyaran fitila, don kada ta suɓuce ta faɗa kan wani. Na nemi izininta na ɗauki hoton sifanar da kundin, na aika wa mahaifinta tun kafin in sauka daga gadar.